Digar Burgi da Namijin da Afra ta Dasa

Tun raɓa ba ta bushe ba Walburga take fita. Takalmin ruwa har gwiwa, tsohuwar rigar marigayi mijinta mai dogon hannu, diga a kafaɗa, burodi da ɗan cuku a aljihu. Ba gona za ta ba, don 'yan layukan shukar da take da su a bayan gida ba su kai a kira su gona ba. Bakin rafi take bi, da gindin shinge, da kufan injin niƙa, da duk lungun da mai hankali ba ya sa ƙafa saboda ƙaya da sauro. Haka take yi daga Yuni zuwa ƙarshen Yuli tun gashinta yana baƙi. A wannan ƙauye namu na Holledau, a gabanta Burgi ake ce mata. A bayan idonta kuwa, Kashe-maza.

Namijin hopfen take farauta. Yaɗon nan da ke hawa waya a bayan kowane gida har ya wuce rufi, wanda furensa ke ba giya ɗaci da ƙamshi, macensa kaɗai ake shukawa, kuma so ake ta tsufa ba ta taɓa ganin namiji ba. In namiji ɗaya tak ya buɗe fure a wani saƙo, iska ta kwashi garinsa ta watsa, sai furen matan ya yi tsaba. Mai saye ya murza a tafin hannu, ya ji ƙwaya, ya kakkaɓe hannunsa ya wuce. Wanda ke dafa giyarsa a gida kuma ya yi ta ba baƙi abin da ba shi da kumfar kirki har shekara ta zagayo. Doka ta ce a tone namiji duk inda ya fito. To amma doka ba ta da gwiwa, ba ta shiga ƙaya. Burgi ce ke shiga.

Ba wanda ya naɗa ta. Surukinta ne ke yin aikin, ranar da ya kwanta ciwo ta ɗauki digar daga bayan ƙofa, shi ke nan ta zama tata. In ta dawo da rana, hannuwanta duk sun yi ja da karcen yaɗo, sai ta bi ta gaban mashayar Kajetan, inda ba a rasa masu zaman benci.

"Maza, ku ɓuya! Ga Burgi nan da makami!" in ji Kajetan.

"Kwantar da hankalinka, Kajetan," takan ce ba tare da ta tsaya ba. "Masu fure nake nema. Kai ka daɗe da kaɗewa."

A yi dariya, a ɗaga kofi. Ba a taɓa jin wanda ya ce mata zauna ki jiƙa maƙoshi ba. Duk shekara ana naɗa wata budurwa sarauniyar hopfen, a sa mata kambi, a ɗauke ta hoto tana rungume da furen da ba ta taɓa karce mata hannu ba. Magajin gari ya yi jawabi ya gode wa manoma, ya gode wa masu kiɗa, har wanda ya ba da aron tanti sai an ambace shi. Sunan Walburga bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Wannan ma da sauƙi, rashin godiya ba sabon abu ba ne a duniya. Abin da aka yi mata a kan Vitus shi ne ba ya haɗiyuwa.

Afra, matar Vitus, ƙawar Burgi ce tun suna 'yan mata, benci ɗaya suke zama a coci. A shekararta ta ƙarshe, ciwo ya riga ya cinye ta, ta tono wani ɗan tsiro a bakin rafi ta dasa a gindin ginshiƙin barandarsu, wai tana son inuwa a inda take zama. Duk ɗan ƙauyen nan ya san ba a dasa na bakin rafi, sai dai a yanko saiwa daga macen da aka san asalinta. Amma wa zai yi gardama da mara lafiya a kan ɗan ganye? Shekarar farko bai yi fure ba. Afra ta rasu lokacin sanyin ƙanƙara. Da zafi ya dawo, yaɗon ya lulluɓe barandar kakaf, sannan a farkon Yuli ya fito da ƙananan fure birjik kamar tsakin gero. Namiji ne.

Vitus ya girma a cikin hopfen, ba sai an faɗa masa ba. Sai ya ɗauko tsohon zanen gado ya rataya ta ɓangaren titi, wai rana ce ta dame shi.

Ta ƙofarsa ake bi a je coci. Kowa ya gani, har masu gilashin ido. Ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wajen Burgi suka yi ta zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin tasa kewaye-kewayen.

"Burgi, kin kwana biyu ba ki bi ta hanyar coci da digarki ba, ko?" in ji Kajetan, yana goge tebur, idonsa a ƙasa.

Ottilie kuwa, wadda katanga ɗaya ta raba ta da Vitus, har gida ta same ta. "Ni dai ban ce komai ba, 'yar'uwa. Amma iska daga wajensa take kaɗowa, kuma kin san inda layukana suke. Ban ce komai ba fa."

Ottilie ɗin ce dai ta ba da labarin abin da ya biyo baya, don tana shanya a bayan katanga. Ta ce ba sau ɗaya ba ta ga Burgi ta zo har bakin ƙofar ta juya. Furen kuwa kullum ƙara kumbura yake yi, saura ƙiris ya fashe. Wata safiya da iska ta kwanta, Burgi ta tura ƙyauren shingen ta shiga. Vitus yana zaune a baranda kusa da kujerar Afra.

"In kofi kika zo sha, Burgi, hau ki zauna. In aiki kika zo, ƙofa tana nan inda kika bar ta."

"Na sha kofina, Vitus."

"Wa ya aiko ki?"

"Kowa. In ka tambaye su kuma, ba kowa."

Ya dubi yaɗon. "Da hannunta ta dasa shi. Butar ban ruwa ma ba ta iya ɗagawa lokacin."

"Na sani. Ni nake ɗauko mata ruwan."

Sai ya ce, "To yanke shi. Ki kwashe furen duka. Amma ki bar mini saiwar."

"Kai da bakinka, Vitus? A yanke bana, baɗi ya dawo da 'yan'uwansa. Kai ka koya wa rabin garin nan haka."

"Ba ki da zuciya, Walburga."

"Ina da ita," ta ce. "A gida na baro ta. Ba ta iya riƙe diga."

Ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ta fara da furen, tana zura kowane reshe cikin buhu a hankali kafin ta yanke, don kada gari ya tashi. Sannan ta durƙusa ta kama tono. Saiwar ta bi ta ƙarƙashin matakala, sai da ta kwanta rub da ciki ta bi ta da hannu. Rana ta take tsaka kafin ta gama. Ta mayar da ƙasa, ta share barandar, ta gyara wa kujerar Afra zama, ta ɗauki buhunta ta fita.

Kafin magariba labari ya gama gari, kuma ku ji yadda ya gama shi. A mashaya Kajetan yana girgiza kai: "Mutum ko shekara bai yi da binne matarsa ba! Wannan mata, dutse ne a ƙirjinta." Ottilie a shagon burodi: "Ni da ni ce, wallahi da na bar masa. Me ganye ɗaya zai yi?" Ottilie fa, mai layuka a bayan katanga, wadda ba ta ce komai ba!

Girbin shekarar ya yi kyau, fure tsaf ba ƙwaya ko ɗaya. Ranar cin abincin gama girbi aka jera tebura, gasasshen nama da curin dankali da kabeji, giya tana kumfa har tana zuba. Burgi ta zo da rigarta ta zuwa coci ta zauna a kan wani benci. Waɗanda ke kai suka tuna suna da magana da wani a can gefe. Bencin mutum shida ta ci abincinta a kai ita kaɗai, ta kai farantinta wajen wanki, ta tafi gida tun ba a fara kiɗa ba.

Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ku mutanen ƙauyen nan, ku kuka ga zanen gadon nan. Ku kuka lissafa asararku a zuci, kuka rasa ƙarfin halin duban idon maƙwabcinku, kuka tura tsohuwa ta je ta tone abin da ƙawarta ta bari. Da ta tone, sai tausayi ya sauko muku gaba ɗaya, don tausayin bayan aiki ba ya cin komai. Kumfar da ta maƙale muku a gashin baki ran nan, gwiwar wa ta saya muku ita?

Ba ta taɓa kare kanta ba. Abin da ta yi, sai daga baya aka lura. Furen ta ƙone, amma igiyar yaɗon ta shanya a rumbu, ta naɗe ta ta yi zobe, ranar ziyarar kaburbura a farkon Nuwamba aka gan shi a kan kabarin Afra. Da ƙasa ta saki bayan sanyi kuma, Vitus ya tarar da jiƙaƙƙen tsumma a kan matakalarsa, a ciki yankin saiwa ne daga macen da ke bayan gidan Burgi. Ba saƙo, ba sallama. Ya bar ta nan kwana da kwanaki yana tsallake ta. Ranar da ta fara tsiro a cikin tsumman, ya dasa ta a tsohon ramin. Amma magana bai yi wa Burgi ba, sai ɗaga kai in sun haɗu a hanya, shekara da shekaru.

Bana gwiwoyinta suka ce sun gaji. Likita ya hana ta bakin rafi, sanda ta maye gurbin diga. Yuni ya shigo, ya fara nisa, 'yan benci sai kallon juna suke yi, kowa yana cewa ya kamata wani ya yi wani abu. Wata safiya Vitus ya tsaya a ƙofarta, takalmin ruwa a ƙafarsa, tulun giya a hannu. Ya dire tulun a kan dakali.

"Daga macen baranda ce. Ni na dafa. Ba ni digar."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai? Ka ma san namiji in ka gan shi?"

"Na fi kowa sani a garin nan. Na taɓa ɓoye ɗaya."

Ta nuna masa bayan ƙofa da sandarta. Yana fita ta ce, "Fara da kufan injin niƙa. Kuma ka sa riga mai dogon hannu, tsoho, fatarka ba ta yaro ba ce."

Walburga, ke ce mai shiga inda doka ke tsayawa a bakin ƙaya. Ke ce kika ɗauki baƙin jinin gari guda a kafaɗa ɗaya da digarki, ba ki taɓa sauke shi a ƙofar kowa ba. Mun sha, mun ƙoshi, mun yi miki dariya, kuma mun gode, ko da godiyar ta zo a makare tana ɗingishi kamar ke.

Ku kuma sauran, Vitus ba yaro ba ne, rafin kuma yana da tsawo. Kowane gida akwai diga. In ba za ku iya ƙaya ba, to ga abin da bai fi ƙarfinku ba: ranar cin abincin girbin bana za ta zo da sandarta ta zauna a kan benci. Kada ya sake zama na mutum ɗaya.