Tsakuwa ta Arba'in

Duk wanda ya taɓa tura babur zuwa rumfar Kawu Dogara a Kafanchan ya san ba ya amsa gaisuwar mutum sai ya gaisa da tanki. Kana ta "Ina kwana, Kawu," shi kuwa ya riga ya buɗe murfi ya cusa hancinsa ciki. Ya shaƙa, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne kamar likita. Sa'an nan ya ɗago ya dube ka kamar ka kashe mutum.

"Kai, kana da uwa kuwa?"

"Tana nan lafiya, Kawu."

"Haka kake barinta da yunwa? Damina biyu tanki ba mai! Ruwa ya kwana a ciki, tsatsa ta haihu har ta ga jikoki."

Wan mahaifiyata ne, saboda haka na fi ku shan zaginsa, na kuma fi ku ikon faɗin halinsa. Aji huɗu na tsaya a makaranta. Masu takardu su yi haƙuri da rubutuna, ko kada su yi, duk ɗaya ne a wurina.

Makanikan yanzu, da sun leƙa tanki sun ga ja, sai su ce ka sayi sabo. Ragwaye! Kawu yana da gwangwanin madara guda, a ciki tsakuwa arba'in, farare, masu kaifi, ba wadda ta fi ƙwayar gyaɗa girma. Da ƙafarsa ya je bakin ruwan Matsirga ya tsinto su ɗaya-ɗaya. Zai cire tanki, ya tsiyaye mai, ya toshe ƙasan da tsumma, ya zuba ruwan tsamiya mai kauri ya bar shi kwana biyu. Bayan nan ya ɗauraye, ya zuba kananzir, ya jefa tsakuwar yana ƙirgawa da ƙarfi, a yi ta girgizawa har kafaɗa ta mutu. In ya juye, jan ruwa ya fito kamar an yanka akuya. Sai shanya a rana, sai a shafe cikin da ɗan baƙin mai. Amma kafin shanya akwai ƙirga ta biyu.

"Arba'in suka shiga, arba'in za su fita."

Ba ya ƙara ko kalma a kan wannan, ba ya ragewa.

Tsamiyar kuwa ta matarsa ce, Mama Asabe, wadda ta ajiye don kunu. Bai taɓa sayen tasa ba. Ran nan ta biyo shi har rumfa da ludayi a hannu.

"Baban Markus, ina tsamiyata?"

"Tana aikin Allah."

"A cikin tanki?"

"Babur ɗin mai bishara ne. Ke kunu za ki dama, ni ikilisiya uku nake ceto."

Jan kananzir ɗin ma ba ya zubarwa. Da tsohuwar hularsa yake tacewa ya zuba a fitila, gobe ya mayar da hular kansa. Shi ya sa ko a majami'a ba mai zama kusa da shi sai mai mura.

Ku da kuka manyanta kun tuna ranar tankin Fasto. Kafaɗar Kawu ta riƙe a makon nan, ga tanki na jiran girgiza. Sai ya ji matan zumunta suna koyon waƙa a gindin mangwaron majami'a, ana buga tulu, ana kaɗa caki. Ya rungumi tanki ya nufe su.

"Mama Shugaba, cakinku ba ya fita. Ga babba na kawo muku."

Wallahi suka karɓa! Mama Lami, wadda ta fi kowa ƙarfi, ta ɗora shi a ƙirji, cakas-cakas, cakas-cakas, waƙa bakwai cur. Da suka tsaya shan iska ya leƙa ciki ya ce, "Saura gefen hagu. A maimaita ta ukun nan, mai sauri." Fasto ya zo yana faɗa, wai an mai da sujada wasa. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, tankin kowa a garin nan da zagi na wanke shi. Naka kaɗai aka wanke da yabo." Fasto ya juya ya tafi.

To, ga tawa. A shekarar da aka mai da tuƙi hannun dama ne, abin da Kawu bai taɓa yarda da shi ba. Har ya mutu a hagu yake tuƙa kekensa, wai shi bai ga laifin da hagu ta yi ba. A shekarar nake neman Rifkatu, 'yar wani hedimasta a Kwoi. Ita ta gama makarantar horon malamai, ni lebura ne mai ɗaukar buhun citta a tashar jirgin ƙasa. Ubanta ya ce in zo ran Asabar da ƙarfe goma ya gan ni da idonsa. Ya kuma aiko a gaya mini shi mutum ne mai agogo. Akwai wani malamin makaranta da yake nemanta, mai farin takalmi da Turanci a hanci. Na san in na makara, shi ke nan.

Na sayi wani tsohon babur hannun malamin gona don kada in isa gidansu a bayan motar citta. Kawu ya shaƙi tankin ya yi tari. Tsamiya ran Laraba, girgiza ran Jumma'a, ni da kaina har hannuna ya yi kanta. Ya juye a kan buhu ya hau ƙirga.

"Talatin da takwas. Talatin da tara."

Ta arba'in ba ta fito ba.

Muka sake girgizawa, muka kife, muka zura waya. Babu. Ta maƙale wani lungu, ko ƙara ba ta yi.

"Kawu, gobe ne fa."

"Gobe ta jira."

"Kwoi zan je! Aure zan nema!"

"Arba'in suka shiga."

"Ɗaya ce tak!"

"Kai ma ɗaya ne tak wurin uwarka. In ka maƙale a wani wuri a bar ka?"

Ya ɗaure tankin da sarƙa a jikin turken rumfa. Da safe na zo cikin kwat ɗin aro, na tsinci wata farar tsakuwa a bakin hanya, na jefa ƙarƙashin bencinsa. Na ce, "Kawu! Ga ta nan, ashe jiya ta yi tsalle!" Ya ɗauka, ya juya ta, ya dube ni ya daɗe. Ya kwance sarƙa, ya ɗaura mini tanki, ya zuba mai. Na tafi ina jin ni ne mai wayon Kafanchan.

Babur ya yi ta gudu kamar sabo. Sai da na wuce rabin hanya, na faɗa wani rami, na ji ƙwal a cikin tanki. Ban yi nisa ba ya fara shaƙewa, fut, fut, ya mutu. Tsakuwar ta sauko ta zauna daram a bakin ramin da mai ke bi. Na buga, na jijjiga, na yi addu'a, na yi zagi. Ya tashi ya yi taku ashirin ya sake mutuwa. Tura shi na yi har Kwoi, a kan tudu, cikin kwat ɗin mutane, jar laka har gwiwa. Na isa ƙarfe ɗaya saura.

Hedimasta yana zaune a baranda, agogo a hannu. Mai farin takalmi yana gefensa yana shan lemo. Rifkatu ta leƙo ta taga, idonta ja.

"Samari, ƙarfe nawa na ce?"

Ina neman ƙaryar da zan yi, sai na ji ƙararrawar keke. Na juya. Kawu ne, a hannun hagu, jiƙe sharkaf da gumi, hular kananzir a ka, gwangwani a ɗaure bayan sirdi. Tun fitata ya biyo ni.

Bai gai da kowa ba. Ya ce wa uwar gida, "Mama, ara mini kwano." Ta miƙa masa kwanon da take tankaɗe a ciki, don ta ɗauka ruwa zai sha. Ya tsiyaye fetur a ciki, ya cire tanki, ya kife, ya buga gindinsa sau ɗaya da tafin hannu. Tsakuwa ta faɗo gaban takalmin hedimasta.

"Arba'in," in ji Kawu.

Sa'an nan ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ina wuni. Wannan ɗan ƙanwata ne. Yau da safe ya yi mini ƙarya da tsakuwar bakin hanya, kamar ban san 'ya'yana ba. Wawa ne, ban ɓoye maka ba. Amma na bi sawun tayarsa. Tun daga gadar can yake tura ƙarfen nan, gida ya fi masa sauƙi don gangara ce, bai juya ba. Wancan mai lemon, a ba shi ya tura daga nan zuwa rijiya mu gani."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Hedimasta ya dubi tsakuwa, ya dubi kwanon matarsa, ya dubi laka a wandona. Sai dariya ta kama shi har tabarau ya faɗi. Da ya samu numfashi ya ce, "Rifkatu, kawo wa baƙi ruwa. Biyu." Mai farin takalmi ya tuna yana da aiki a wani wuri.

Ran bikinmu kowa ya kawo abin da ya kawo. Kawu, mutumin da bai taɓa ba wani ko ashana ba, ya kira amarya gefe ya danƙa mata ƙullin tsumma. Ta kwance, tsakuwar ce. Ya ce, "Riƙe. In ya fara ƙarya, nuna masa." Ta kuwa nuna mini, ba sau ɗaya ba.

Daga ranar da talatin da tara yake aiki. Na ce zan je Matsirga in samo masa wata, ya ce, "Ba ta ɓata ba. Na san inda take."

Yanzu rumfar ta zama shagon kaset. Aikin tasha ya mutu, jiragen ma sai jefi-jefi, waɗanda muka tura babur tare sun zama manya ba sa gane ni a hanya. Rifkatu ta riga ni tafiya shekara uku ke nan. Da Mama Asabe ta ba ni gwangwanin bayan mun binne Kawu, na buɗe akwatin Rifkatu na ɗauko ƙullin, na juye su duka a kan tabarma. Na ƙirga da ƙarfi yadda yake yi, ni kaɗai a ɗaki. Sun cika.

Ya Ubangiji, ka ba bawanka Dogara hutawa. Ka gafarta masa zagi da tsamiyar Mama Asabe. Ka zaunar da shi kusa da Rifkatu, ita ta saba da warin hular. Ran da za ka ƙirga naka, kada ka tashi sai ka ga har ni na fito. Amin.