Ƙullun Shinkafa a Bakin Ƙofa

Shekara goma sha huɗu ke nan Azaratu tana ɗaga tsofaffin birnin Greensboro daga gado tana mayar da su. 'Yar zangon Kumasi ce, a unguwar Glenwood take haya, kuma duk wanda ya ga tafiyarta ya san bayan nan ya daɗe da yin ritaya, mai shi ce kawai ta ƙi. Kamfanin masu jinya a gida ke tura ta. Ta wanke tsoho, ta ba shi magani, ta rubuta rahoto, ta kama hanyar wani gidan.

Bara aka tura ta yankin Pleasant Garden wajen wata tsohuwa 'yar Indiya, Mama Urmila, wadda ɗanta ya ɗauko daga ƙauyensu a Bihar bayan rasuwar mijinta. Turancin tsohuwa bai fi cikin cokali ba. Ranar farko Azaratu ta tarar da ita durƙushe a bakin ƙofar kicin, tana tsoma yatsu cikin kwano tana shafa wani ƙullu a ƙasa. Kai! Ga ciwon baya, ga wani gidan na jira. Ko kallon kirki ba ta yi wa abin ba. Ta ɗaga tsohuwa, ta sa tsumma ta goge, ta rubuta a rahoto cewa tsohuwa na wasa da abinci a ƙasa, alamar ruɗewa. Sau biyar ta rubuta haka.

Wata safiya ta makara, ta tarar ƙullun ya bushe ya yi fari tas. Ashe zane ne! Furen bado a tsakiya, kifaye biyu na zagaye shi, kowane layi da ɗan'uwansa, ko karkacewa babu. Azaratu ta yi shekaru tana zana wa amaren zango lalle, ta san hannun gwani in ta gani. Da nuni da 'yan kalmomi tsohuwa ta fahimtar da ita: shinkafa ake jiƙawa a niƙa, matan ƙauyensu ke zanawa a ƙasa da bango ranar biki ko ranar ibadarsu ta Hindu, uwa ke koya wa 'ya. Ita kuwa ba ta haifi mace ba.

Kunya ta rufe Azaratu. Daga ranar, ita ke jiƙa mata shinkafar, ta shimfiɗa mata tawul a ƙarƙashin gwiwa.

Amma takarda ta riga ta tafi. Nas Confidence, mai duba aikinsu, ta kira ta ta ce iyalin sun nemi a mayar da tsohuwa gidan tsofaffi, sashen masu ciwon mantuwa inda ake kulle ƙofa, kuma rahotannin nan biyar na cikin hujjar.

Azaratu ta tare ɗan tsohuwar a gareji yana shirin fita aiki.

"Yallaɓai, kuskurena ne wallahi. Mama hankalinta garau yake, zane take yi."

"Na sani, Mis Azaratu," in ji shi. "Ita ta zana bangon ɗakin aurena." Ya murza idanunsa. "Ni da matata duk aiki muke. Na gaji."

Azaratu ta fi kowa sanin gajiya, gajiyar ce ma ta riƙe mata biro ranar farko. Duk da haka ta zauna a mota ta rubuta sabon rahoto, shafi uku, har da hoton zanen. Aka karɓa, aka yi godiya, ranar tafiya ba ta motsa ba.

Ita aka sa ta haɗa kayan. Ta ninke zannuwa, ta jera magunguna, ta raka tsohuwa har bakin mota ta ɗaura mata bel ɗin kujera. Mama Urmila ta riƙe mata hannu.

"Gobe ki zo?"

Kamfani ya riga ya ba ta wani tsoho a can wani gefen gari, daga ƙarfe bakwai na safe.

"In sha Allah, Mama," in ji Azaratu. Tun da take, ba ta taɓa ɓoye ƙarya a bayan sunan Allah ba sai ranar, kuma tsohuwa ta yarda.