Malama Jannatu da Baron Niƙa

Duk wanda ya san Malama Jannatu a Tudun Wada ya san babu abin da ta tsana kamar a ce mata ta jira. A Tudun Jukun aka haife ta. Ta yi karatu har ta samu digiri, sannan ta zauna a ɗakin mahaifiyarta shekara da shekaru tana jiran aikin gwamnati. Da ƙyar wata sakandare mai zaman kanta ta ɗauke ta koyar da darasin kasuwanci. Ranar da ta fara shiga aji ta rantse ɗalibanta ba za su yi irin zaman da ta yi ba.

Sai ta kafa ƙungiyar sana'a, ta raba yara rukuni-rukuni, ta ce kowane rukuni ya zo da abin sayarwa ranar Asabar. Asabar ta zo, sai ga kowa da bokitin zoɓo. Halinmu ne dai: in maƙwabciya ta fara awara ta samu ciniki, gobe layin gaba ɗaya ya koma awara. Masu saye suka yi ƙaranci, yara suka shanye hajarsu, suka koma gida da jan baki.

Labari ya kai kunnen Alhaji Zulkiflu, shugaban ƙungiyar iyaye, mutum mai saurin hawa. Bai zame ko'ina ba sai ofishin mai makaranta.

"Mun kawo 'ya'yanmu boko don su rabu da talla, ita kuma tana mayar mana da su talla!"

Mai makaranta ya kira Malama Jannatu, ya ce ya ba ta zuwa taron iyaye na ƙarshen zango. In iyaye ba su gamsu ba, za a rufe ƙungiyar sana'ar, ita ma ta nemi wani wurin.

Ta tsorata ƙwarai, don ta san ɗacin zaman gida. Amma da ta shiga aji, sai ta hana sayar da komai.

"Ku je ku saurari ƙorafi," in ji ta. "Duk inda kuka ji uwa tana tsaki, ku tsaya ku ji dalili. A nan kasuwa take."

Wata ɗaliba mai suna Hanifa, wadda ba ta cika magana ba, ita ta dawo da amsa: niƙa. Matan aure ba sa fita, yaran da ake aika suna makaranta, hatsi ya yi ta zama har la'asar, tuwon dare ya yi latti. Wata uwar ma takan tsare 'yarta ta makara saboda layin inji.

"To, ku za ku riƙa ɗauka a ka?" Malama ta tambaya.

"A'a, Malama. Mu shiryawa za mu yi."

Su da kansu suka je wajen Nagoda mai inji, suka daidaita ya riƙa ware musu safiya. Suka ɗauki Kailani mai baro, magidanci da iyalinsa, ya riƙa bin gidaje yana karɓar kwanuka ya dawo da gari kafin azahar. Makon farko an sha faɗa, don kwanukan unguwa duk kamarsu ɗaya, garin dawar wannan gida ya tafi gidan masu masara. Malama ta danne zuciyarta ta ƙi ba su dabara. Yaran suka kwana biyu suna gardama, sannan suka sayo zare kala-kala, kowane gida da irin nasa a hannun kwano. Kafin zango ya ƙare, baro ya zama biyu, har daga unguwar Gyallesu ana aiko musu.

Ranar taro, Alhaji Zulkiflu ya miƙe ya gyara babbar riga, ya maimaita maganarsa ta talla. Bai zauna ba sai ga Kailani ya miƙe daga baya, don shi ma yana da ɗa a makarantar.

"Alhaji, a yi mini afuwa. Yaran nan ba su taɓa ɗaukar ko mudu a ka ba. Ni ne ma'aikacinsu, kuma da aikin nake riƙe gidana."

Mata suka ɗauki guɗa daga ɓangarensu, wata tana cewa 'yarta ta daina makara. Mai makaranta ya ɗaga hannu ya ce ƙungiya ta zauna daram, har ya ba ta ɗaki guda. Malama Jannatu, wadda ba a taɓa ganin hawayenta ba, ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan daɗi.

Ana watsewa, Alhaji Zulkiflu ya tsaya a bakin ƙofa yana ta juya carbi. Da ta zo wucewa ya rage murya.

"Malama, wannan baron naku... yana zuwa layinmu kuwa?"

"Alhaji, ba ni ce mai kamfanin ba," in ji ta. "Ga Hanifa can, sai ka bi layi."