Ruwan da Inna Ta Hana Ganin Rana

Lokacin da nake digiri na biyu a fannin sinadarai, fitilar da muke haska gwaji da ita a ɗakin gwajinmu ta ƙone. Ko da ma ba ta ƙone ba, wutar da za ta kunna ta sai ta ga dama take zuwa. Malamin da ke duba aikina ya ce, "Ba daga wajen Bagwai kake ba? Ai rana kyauta ce a garinku. Je ka yi da ita."

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Akwai wani farin gari da ake kira zinki oksaid, laushinsa ya fi na hoda nesa ba kusa ba. In ka zuba shi a ruwan da rini ya ɓata ka ajiye a rana, hasken sai ya zaburar da shi ya cinye rinin. Sai dai malalaci ne, kaɗan yake kamawa daga hasken, kuma da ya zabura sai ya huce. Shi ya sa ake haɗa shi da ƙananan ƙwayoyin kabon, su taya shi kamun haske, su hana shi saurin hucewa. Nawa kabon daga ɓawon gyaɗar gonarmu na samo shi. Baba ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya je jami'a don ya koyi ƙona gawayi ba.

Kullum da safe sai in jera kofunan gilashi a kan tsohon tebur a tsakar gida, ruwansu shuɗi shar. Wasu in kulle su a akwati cikin ɗaki don kwatanci. Daga nan in hau babur zuwa Bici, inda nake koyarwa, sai la'asar in dawo in ɗebi ruwan in kai a auna.

Na rana da na akwati duk ɗaya. Shuɗin ya ɗan ragu a duka biyun, don kabon yana shan rini ko a duhu, amma bambanci babu. Na sake haɗi, na sake ƙuna, na zagi mai sayar mana da sinadarai a raina har da waɗanda suka ɗauke shi aiki. Malamin ya duba sakamakon ya ce, "Ko dai garinka na banza ne, ko kuma ranar Bagwai ta tafi hutu." Sannan ya daina dariya, ya tuna mini cewa wa'adin da jami'a ta ba ni ya kusa cika. In zangon ya ƙare ba sakamako, sallama ce. Tsoro ya kama ni sosai, har tuwo na daina gamawa.

Ni ne ɗan farin Inna. Ba ta faɗin sunana, ba ta tambayata ina na kwana da aikina, in ma muka haɗa ido sai ta sami abin yi a murhu. Na girma a kan haka, ban taɓa tsammanin teburin nan ya dame ta ba.

Wata rana tayar babur ta fashe a hanyar zuwa, na bar shi wajen mai faci na dawo a ƙasa. Na yi sallama daga zaure, ƙarar daka ta hana a ji. Ina shiga na tarar da kofunana a jere, rana na dukan tsakar gida, kowane kofi da faifansa a ka. Manyan an yi musu ƙari da kwano. Guda ɗaya ma har da tsohon ɗankwali aka naɗe shi.

Na ce, "Inna, wa ya rufe waɗannan?"

Ta ajiye taɓarya tana kallon turmi. "Ba a barin ruwa a buɗe."

"Ai ba na sha ba ne."

"Ruwa ne dai."

"To me ya sa ban taɓa ganin faifan ba?"

"Da na ji kukan babur nake kwashewa. Na ga mai abin ba ya son a taɓa masa kaya."

Wato duk watannin nan, ni da malamina da na'urar awo, faifan Inna muke bincike a kai. Na zauna a ƙasa, ga dariya ga haushi. Da na samu numfashi na yi mata bayani: garin nan da rana yake aiki, in an tare ta barci yake yi. Ta ce, "Kamar mai shi ke nan." Ba ni ta faɗa wa ba, turmi ta faɗa wa.

Washegari na jera kofunan na tafi makaranta. Da na dawo, teburin ba ya inda na bar shi, yana can jikin rumbu. Baba ne ya gaya mini cewa tun hantsi Inna take jan sa, duk inda inuwar katanga ta matso sai ta gusar da shi. Ta kori kaji, ta hana jikoki wucewa ta wajen, ta zauna gadi da tsinken kara a hannu. Matar da ko mai tallar nono ba ta fita ta tara in rana ta take.

Ruwan kuwa ya yi fari tas. Na ɗaga kofi ɗaya sama ina kallo, na san digirina ya tsira. Ina so in yi mata godiya, amma ba mu saba ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Ita ta fid da ni. Ta zo ta tsaya a gefena, wuyanta duk zufa, ta leƙa kofin.

"Ya gama shan ranar?"

Na ce ya gama.

Ta zaro faifai daga ƙarƙashin mayafinta ta kifa masa, ta koma murhu.