Jirgin da Ya Faɗo a Gonata

Jama'a, yau na ga abin da ba a so in gani!

Da hantsi ina noma a gonata ta hanyar Bulkachuwa, sai wani ƙaramin jirgi marar matuƙi ya faɗo cikin gero. Na ɗauki hotonsa. Nan da nan ga mota ba lamba. Mutum uku suka fito cikin kayan gida, amma da takalman soja.

Babbansu ya ce, "Na feshin ƙwari ne."

Na ce, "Yallaɓai, ina tankin maganin?"

Ya karɓi wayata ya goge hoton, suka naɗe jirgin a tamfol. Zai tafi ya juyo: "Malam Sabo, ya jikin Hajiya?"

Wallahi ban faɗa masa sunana ba, balle ciwon mahaifiyata.