Tagar Rahinatu da Murhun Ajuma

Ranar Litinin, goma sha biyar ga watan Maris na 2021, Rahinatu Isufu ta soma zuwa ofishin da ke kula da filaye da gine-gine a Gaya, garin bakin iyaka. Ta zo goye da jaririyar da ba tata ba, wani yaro kuma yana riƙe da gefen zanenta, shi ma ba nata ba. Magatakardan ofishin, Malam Na'Allah, ya nuna mata benci, ya tambaye ta abin da ke tafe da ita. Ta ce ɗaki take so ta ƙara a gidanta, an ce mata sai da takarda.

Haifaffiyar Bengou ce. Aure ya kawo ta Gaya, gidan Habibu, direban kamiyo, babbar mota mai ɗauko kaya daga Kwatano. Sun haifi ƴaƴa uku, duk sun girma sun kama gabansu. Bayan rasuwar Habibu ta ɗan taɓa tuyar ƙosai a tasha, ba ta daɗe ba. Wata safiya ƙanwar mijinta za ta tsallaka gadar kogi zuwa kasuwar Malanville da ke ƙetaren iyaka, ta ajiye mata jinjiri, ta ce, "Riƙa mini shi in je in dawo." Mako na gaba ta dawo da jinjirin da kuma ɗan maƙwabciyarta. Macen da ke ɗauke da buhun gari a ka, tana kutsawa tsakanin motoci da ƴan duwan masu binciken kaya, ba ta son goyo a baya. Labari ya bi unguwa. Kafin shekara biyu, ranar kasuwa yara kusan ashirin ke yini a tsakar gidan Rahinatu, ƙarƙashin rumfar zana, kowa da kwanon kununsa. Dukansu Inna suke ce mata.

Ana nan sai Madam Salma, jami'ar da ke duba gidajen renon yara, ta biyo ta ƙofar gidan ta ji hayaniya, ta yi sallama ta shiga. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce yara masu yawa haka sai da izini, izinin kuma sai an cika sharuɗɗa: a rufe bakin rijiya, a gina wa yaran ɗaki nasu, ɗakin kuma ya kasance da taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa. In ba haka ba, sai dai kowace uwa ta ɗauki nata. Wannan ne ya kai Rahinatu gaban Malam Na'Allah.

Gidan ƙarami ne. Rijiya na gefe guda, bayan gida na wancan gefen, fili bai rage ba sai jikin katangar gabas. Bayan katangar nan kuwa gidan Ajuma ne, Badandiya, dattijuwa matar masunci, wadda sana'arta bandar kifi. Murhu uku gare ta a jere a gindin katangar, na laka, waɗanda uwar mijinta ta gina tun Ajuma tana amarya. Sun sha hayaƙi har cikinsu ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi. Da hantsi, in jiragen masunta sun fito, sai ta shimfiɗa tarwaɗa da karfasa a kan raga, ta hura ɓawon giginya a ƙasa. Fataken Kamba sun san kifinta da ido, saboda jan da yake yi, ko ba a ce na Ajuma ba ne.

Akwai wani wuri da katangar ta zaizaye ta yi ƙasa. Ta nan matan biyu suka shekara ashirin da wani abu suna miƙa wa juna gishiri da garwashi da labari. Ta nan Ajuma ta ƙetaro ranar da aka kawo gawar Habibu, ba ta tsaya zagayawa ta ƙofa ba.

Ƙa'idar ofishin ita ce, kafin a ba mutum izinin gini kusa da iyaka, sai an ji ta bakin maƙwabcinsa. Malam Na'Allah da kansa ya je. Ya tarar da Ajuma tana juya kifi, ya gaishe ta, ya karanta mata abin da Rahinatu ke nema, ya tambaye ta ko tana da ja.

"Ja a kan me?" in ji ta. "Jikokina biyu a can suke yini. Ta gina har sama in tana so. Kai dai ka ce mata kada ta rufe mini wurin tsegumi."

Ta dangwala yatsa. Babu wanda ya ta da zancen hayaƙi. Shi magatakarda, tambayar ba ta cikin waɗanda aka ba shi ya yi. Su kuwa matan, hancinsu ya daɗe da daina jin sa.

Izinin gini ya fito cikin azumi, bisa sharaɗin a bar ɗan lungu tsakanin ɗakin da katanga. Rahinatu ta sa aka buga bulo, aka jera azara, aka rufe da kwano. Taga ɗaya tana kallon tsakar gida, ɗayar tana kallon lungun. Wurin tsegumin ya koma bayan ɗaki, sai mutum ya matse da gefe kafin ya kai gare shi.

Madam Salma ta dawo duba ɗakin da hantsi, daidai lokacin da Ajuma ta hura wuta. A da, hayaƙin kan haye katanga ya watse a sarari. Yanzu ginin ya tare shi, sai ya taru cikin lungu, tagar gabas ta zuƙo shi, ya ratsa ɗakin a hankali ya fita ta ɗaya tagar. Yara suna zaune a ciki suna wasa, biyu suna tari. Madam Salma ta tsaya tana share hawaye da bakin gyalenta. Ta ce ba za ta sa hannu ba.

"To in toshe tagar?" in ji Rahinatu.

"In kin toshe, saura ɗaya, Inna. Biyu ake so."

"In na bar ta, hayaƙi. In na toshe, doka."

"Haka ne," in ji Madam Salma, ta tafi.

Rahinatu ta koma wurin Malam Na'Allah. Ya yi mata bayani dalla-dalla. Tana da damar ɗaukaka ƙara gaban kwamiti. In ta rubuta cewa hayaƙin daga gidan maƙwabciya yake fitowa, kwamitin zai tura ma'aikatan tsabta. Unguwar ta zaman jama'a ce, ba a ware ta don sana'ar wuta ba, saboda haka za a ba da umarnin rushe murhunan, ita kuma ta sami izininta. Ya ce gaskiya ce za ta faɗa, ba ƙage ba.

Rahinatu ta auna zancen. Ba ta da wata hanyar ci sai yaran nan, kuma ta san akwai matan da in ta sallame su, sai dai su zauna gida. Amma da ta tuno ma'aikata da diga a gidan Ajuma, da sunanta ita Rahinatu a takardar da suka riƙo, sai ta ji ba za ta iya ba.

"Malam, rubuta cewa ɗakina yana da kyau, a sake dubawa."

"Hayaƙin fa?"

"Ban ce ka rubuta hayaƙi ba."

Ya rubuta abin da ta faɗa, ya karanta mata, ta dangwala yatsa.

Kwamitin ya zauna a watan Yuni, bayan saukar ruwan farko. Mutum biyar ne a bayan teburi, Malam Na'Allah yana gefe da alƙalami. Shugaban, wani dattijo mai son raha, ya karanta rahoton Madam Salma, ya cire tabarau.

"Inna, an ce hayaƙi na shiga ɗakinki. Daga ina yake zuwa?"

"Ranka ya daɗe, ni ban ga hayaƙi ba."

"Ba ki gani ba?"

"Idona bai gani ba."

"Baiwar Allah, tun da kika shigo nake jin yunwa. Zanenki kaɗai ya isa a ci tuwo da shi."

Aka yi dariya, har ita ma ta rufe baki. Ya sake tambayarta a natse, ya ce in ta faɗi sunan mai wutar, sauran aikinsu ne. Ta ce gari ne, kowa na girki. Ya duba sauran, suka kaɗa kai. Aka ƙi ƙarar. Aka ba ta zuwa watan Oktoba, lokacin komawa lakwal, wato makaranta: ko a tarar da ɗaki ba hayaƙi, ko ta sallami yara.

Ba ta gaya wa Ajuma ba. Kullum da safe suna gaisawa ta saman katanga, murya kawai, tunda ba sa ganin juna. Rahinatu ta gwada rataya jiƙaƙƙen buhu a tagar, ya bushe kafin azahar. Ta sa aka ƙara wa katangar tsawo da zana, hayaƙin ya bi ta sama ya sauko. Da damina ta yi nisa, sai ta fara jan iyayen yara gefe ɗaya bayan ɗaya, tana ce musu su soma neman wani wuri.

A bakin ɗaya daga cikinsu Ajuma ta ji, a tsakiyar kasuwa, gaban masu sayen kifinta. Matar ta ce, "Ke dai kifinki na ja, mu kuma ƴaƴanmu za su koma bin mu gada." Ajuma ta bar tiren a hannun surukarta Nuriya, ta taho gida. Ba ta bi ta lungu ba. Ta zagayo ta ƙofa, ta yi sallama irin ta baƙi.

"Ke ƴar Bengou, fito."

"Yaya, lafiya? Shigo mana."

"Ba shiga na zo yi ba. Ashe wata biyu ke nan ana zagina a gari, ni kaɗai ce ban sani ba?"

"Wa ya zage ki?"

"Ke! Shirunki ya zage ni. Kin je gaban manya kin ce ba ki ga hayaƙi ba. Makauniya kika koma? Ke kin zama mai haƙuri, ni na zama muguwar da ke turara ƴaƴan mutane. Har da jikokina a ciki!"

"Yaya, da wane baki zan ce a rushe murhun uwar mijinki?"

"Da bakin da kike cin kifina. Wa ya ce ki gaya wa gwamnati? Ni za ki gaya wa. Katangar ta yi miki nisa?"

Rahinatu ta ce tsoro ta ji, don ta san in ta faɗa, Ajuma za ta rushe murhunan.

"To da kika ɓoye, me zan yi yanzu? In yi musu fenti?"

Wani yaro ya fashe da kuka. Ajuma ta ɗauke shi ba tare da ta duba ko na wane ne ba, ta shiga sabon ɗakin da shi a kafaɗa. Wutar da ta bari da safe ba ta gama mutuwa ba. Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana kallon siririn hayaƙin da ke shigowa ta taga. Ta shinshina kan yaron. Ta ajiye shi, ta fita.

Cikin watan Satumba ta rushe murhunan da kanta, da galma, ita da Nuriya. Rahinatu ta ji ƙarar ta bayan katanga, ta zo za ta taya su kwashe ƙasa, Ajuma ta ce ta koma wurin yaranta. Suka gina sababbi a bakin kogi, inda sauran mata ke banda. Sabuwar laka ba ta ba da jan da tsohuwa ke bayarwa ba. Fataken Kamba suka juya kifin, suka ce ba na Ajuma ba ne, alhali tana tsaye a gabansu.

Madam Salma ta dawo farkon Oktoba, da hantsi, ta zauna cikin ɗakin har ta sha ruwa, ta sa hannu. Izinin ya fito a watan Nuwamba, na yara goma sha biyar, ko da yake ashirin Rahinatu ta nema. Malam Na'Allah ya miƙa mata shi, ta naɗe a leda ta sa a ƙasan akwati.

Rahinatu tana nan a gidan, tana renon yara. Da aka rufe gada a 2023, mata suka koma tsallaka kogi da kwale-kwale, masu kawo mata goyo suka ƙaru, don ba wadda ke son shiga ruwa da jinjiri. A takarda dai goma sha biyar ne. Ajuma ta yi shekara biyu tana zuwa bakin kogi, sannan ciwon gwiwa ya zaunar da ita, ta bar wa Nuriya sana'ar. Wasu daga cikin fataken sun dawo, wasu ba su dawo ba. Inda murhunan suke ta shuka yakuwa. Yawancin safiya takan zagayo ta ƙofa, ta zauna a ƙarƙashin tagar gabas tana tsawata wa yara da Dandanci. Ita da Rahinatu ba su sake ta da zancen murhunan ba.