Ɗorawar Kaka Dije Ba Ta Shiga Takarda Ba

Shekara bakwai ke nan da muka rasa yayana Kabiru, Allah Ya jiƙansa da rahama. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, nakan zauna in tuna dariyarsa, da yadda yake sauraron ƴan rubuce-rubucena a zauren gidanmu na Dutsin-Ma kamar wani abin kirki nake karanta masa. In yi masa addu'a, zuciyata ta kwanta. Bana ta ƙi kwanciya. Na je Barkiya a ƙarshen bazara na ga abin da har yanzu in na rufe ido shi nake gani, kuma akwai hannun Yaya Kabiru a ciki, ko da yake ya bar duniya bai sani ba.

Awon ƙasa ya karanta. Yana gamawa ya samu aiki da wata ƙungiya da ta zo daga ƙasashen waje don yi wa gonakin ƙauyuka rajista. Tunaninsu a bayyane yake, kuma yana da daɗin ji: a ko'ina a duniya ana ƙwace wa mai rauni gona ne saboda ba shi da shaida a rubuce. A auna kowace gona, a sa suna ɗaya a kanta, a miƙa wa mai ita takarda, shi ke nan an rufe ƙofar zalunci. Yaya ya yarda da wannan har cikin ransa. Yakan ce mini, "An yi shi a ƙasashe da yawa, Hafsatu, ya yi aiki. Talaka ai iri ɗaya ne a ko'ina." Ba ya faɗin haka da girman kai. Yana faɗi ne da tausayi, idanunsa na ƙyalli.

Kuma yana da dalili. A Barkiya, garin mahaifiyarmu, akwai wata mata, Inna Talatu, da mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara, ƙannen mijin kuma suka fara zagaya gonar suna maganar za su riƙe wa marayu. Kowa ya san inda irin wannan riƙon yake ƙarewa. Gonarta na cikin na farko da Yaya ya auna. Ranar da ta karɓi takarda da sunanta a madadin ƴaƴanta, sai da ta yi kuka, ta naɗe ta cikin zani uku.

A cikin wannan gonar akwai ɗorawa huɗu manya, kuma ba na Inna Talatu ba ne. Na kakarmu ne, Kaka Dije. Tun tana amarya mahaifinta ya sayar da gonar, amma ya faɗa a gaban dattawa cewa ƙasa ya sayar, itatuwan na ɗiyarsa ne. A wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne. Mai gona ya yi shukarsa, mai itace ta zo da ƙugiyarta idan ɗorawa ta nuna. Kaka takan cire kalwa ta dafa daddawar da ake nema har kasuwar Kurfi, ta aika wa masu gona nasu rabon, yara su sha garin har bakinsu ya yi rawaya, mata su kwashi ɓawon su yi makuba ta shafen ɗaki. Da waɗannan itatuwa ta aurar da ƴaƴanta, mahaifiyarmu a cikinsu.

Ina nan ranar awon, na zo hutu daga makaranta. Yaya na bin iyakar gona riƙe da wata ƙaramar na'ura, Kaka na zaune a inuwa tana tsokanarsa irin ta kaka da jika.

"Angona, me kake yi wa gonar mutane da wannan abu mai kama da rediyo?"

"Aure nake ɗaura mata da mai ita, Kaka. Auren da babu saki."

"To ni da ɗorawata fa? Ko sai na kai ƙara ka fi son gona da ni?"

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. "Haba amarya! Wa bai san ɗorawar Dije ba a ƙasar nan? Aikin nan na ƙasa ne kawai, ba su ba mu gurbin itace ba."

"Rowa dai za ka yi mani," in ji ta, ta cusa masa dunƙulen garin ɗorawa a aljihu. Duk muka yi dariya, har Inna Talatu. Maganar ta wuce a matsayin wasa, domin a lokacin babu wanda zai iya kawo wa ransa ranar da za a buƙaci a tabbatar da abin da gari duka ya sani.

Wannan karon da na je, ɗan acaɓa ne ya ɗauke ni daga Kurfi. Akwai wata kwana da in an sha ta, kan itatuwan ne ke fara yi wa mutum maraba tun kafin ya hango rufin gidaje. Muka sha kwanar, ban ga komai ba sai sarari. Na ɗauka ɓata muka yi. Na ce ya tsaya, na sauka na taka cikin gonar, sai ga kututture huɗu, faɗin kowanne ya isa mutum ya shimfiɗa abin salla a kai. A gefe ga ramin da aka ƙona gawayi, ƙasar wurin ta yi baƙi. Na tsaya ina kallo. Ko salati na kasa kai shi ƙarshe.

Ga yadda abin ya faru. Ƴaƴan Inna Talatu sun girma, sun koma birni, suka matsa a sayar da gonar. Wani Alhaji daga Katsina ya saya. Shi kuma ya shiga wani tsarin noman masara na wani kamfani mai ba da iri da tarakta, sharaɗinsu kuwa fili ya zama fayau, babu inuwa, babu saiwar da za ta karya garma, kamar yadda suke yi a sauran ƙasashen da suke aiki. Ya duba takarda ya ga suna ɗaya. Ya aiko masu injin yankan itace. Kafin labari ya isa ga Kaka, biyu sun faɗi, kafin a kai maganar ga mai unguwa sauran biyun sun bi su. Mai unguwa ya je ya same shi, mutumin ya yi ta rantsuwa bai sani ba, kuma na yarda bai sani ba. Wata ƙawata da ta karanta shari'a ta ce mini ko an je kotu da wuya a samu komai, tun da dattawan da suka shaida maganar duk sun rasu, takardar da ke raye kuma ba ta san Dije ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne na nemi mugu a cikin labarin nan na rasa. Kowa ya bi ƙa'ida. Aikin da aka kawo domin kare dukiyar mata shi ya share dukiyar wata tsohuwa daga doron ƙasa, ba tare da kowa ya karya doka ba. Waɗanda suka tsara shi sun zauna a inda itace ke bin ƙasa kamar yadda gashi ke bin kai, don haka ba su ma san akwai tambayar da za a yi ba. Mu kuwa gona ɗaya tana iya ɗaukar haƙƙin mutane da yawa a lokaci guda: ƙasar ta wannan, itacen na waccan, karan bayan girbi na makiyayin da shanunsa za su bar taki, ƴar turbar da ta ratsa tsakiya ta masu zuwa rijiya. Takarda ta zo ta ɗauki ɗaya ta ce shi ne duka.

Me Yaya zai ce da yana nan? Na yi ta juya wannan a raina. Na san zai fara tuna mini cewa ƙannen mijin Inna Talatu ba su ci gonar ba, marayunta sun ci tuwonta har suka girma. Gaskiya ne, kuma ba zan rage masa wannan ladan ba. Amma na san shi. Da ya tsaya inda na tsaya, ba na jin zai sake cewa talaka iri ɗaya ne a ko'ina. Yunwa na iya zama iri ɗaya. Hanyar da mutane suka saba raba abin da Allah Ya ba su, wannan kam kowane gari da tasa, kuma ba a ganinta sai an zauna an tambaya.

Ina gidan Kaka Inna Talatu ta shigo, kanta a ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce, "Iya, ki yafe mani. Ina da ɗan fili bayan gari wanda ban sayar ba. Ki zo ki shuka kalwa a gefensa, ko nawa kike so. Naki ne, a gaban duk wanda kika zaɓa."

Kaka ta kama hannunta ta tashe ta. "Ba ki yi mani komai ba, Talatu. Yaron nan Kabiru ma bai yi mani komai ba, alheri ya nufa, Allah Ya kai haske kabarinsa."

"To za ki shuka?"

"Shekaru ba su dame ni ba, ko ban ci ba wani zai ci. Amma faɗa mani, filin nan yana da takarda?"

"Yana da ita."

"Sunan wa?"

"Sunana, Iya."

"To ki bar shi," in ji Kaka a hankali. "Ba zan shuka abin da in mun mutu ba wanda zai san na wa ne ba."

Abin da ya rage na Yaya Kabiru a wurina shi ne zuciyar da ba ta iya ganin ana danne mai rauni ta yi shiru. Wannan ba ta mutu ba, kuma ina roƙon Allah Ya saka masa da niyyarsa. Amma ya bar wani abu kuma, wanda na gani da idona a tsakar gidan nan: mata biyu da suka yarda da juna, ɗaya na son bayarwa, ɗaya na buƙata, ga fili ga iri ga damina na tafe, kuma maganar bakinsu ba ta isa ta tsayar da itace ɗaya ba.